Gwangwanin Jan Kafso

Zuwa ga Ƙusa, 'yar ɗan baffana marigayi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tunda Tela ya ce wasiƙa ba ta tafiya sai da gaisuwa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran da ban taɓa sa wa ido ba. Ni ƙalau nake, in ban da kunnen hagu da ya mutu da gwiwar da kika sani.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jiran amsar tambaya ɗaya. Ranar da muka binne ɗana Dogo na tsare ki a bakin shago, na ce ke da kike karatun asibiti, gaya mini me ya kashe shi. Kika sunkuyar da kai, kika ce motarku za ta tashi. Motar nan har yau ba ta dawo da ke ba. Shekara uku kika yi a gidana lokacin da ubanki yake kwance. Teburin da kika yi karatu a kai ni na buga shi. Sunan nan Ƙusa ma ni na laƙaba miki, don siririya ce ke ga taurin kai. Yanzu an ce kin zama babba a ɗakin gwaji, kina leƙa ƙwayoyin cuta ta madubi. To madalla. Mu da ake iya gani ba madubi, ba a leƙo mu.

Kada ki ce mini waya. Maganar waya iska ce, kuma kunnena ba ya kamawa. A rubuce nake so, abin da zan ninke in sa a aljihu. Tela maƙwabcina ne ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Ga abin da ya sa na sauke girman kaina. Innarku ta zame a ƙofar banɗaki wata biyar da suka wuce, ƙashin ƙwabrinta ya karye. Suka sa mata ƙarfe da sukuru shida. Na ga hoton. Na ƙasan ya karkace, da a shagona ne da na sa an kwance. Wajen ɗinkin ya buɗe, yana zubar da mugunya. Magani kala uku suka ba ta, wannan bayan wannan, ba wanda ya yi komai. Sai suka dangwala auduga suka kai gwaji, suka dawo suka ce wai ƙwayar cutar ba ta jin magani. Na ce wa likitan, to ka ɗaga murya mana, ko irin kunnena gare ta. Bai yi dariya ba.

Yanzu sun haɗa mata biyu a lokaci ɗaya, farar ƙwaya da jan kafso, wai har wata uku. Likitan ya yi wani dogon bayani ta bayan ƙyallen bakinsa, yana tsaye ta wajen mataccen kunnena. Kwana biyu da farawa fitsarinta ya koma ja. Har hawayenta ya bar tabo a rigar matashi.

Na taɓa ganin irin wannan fitsarin, Ƙusa. A gidan nan na gan shi, lokacin tarin fukan Dogo, da suka ɗora masa ƙwayoyi cike da tafin hannu.

Tambaya biyu ke nan yanzu. Me ya kashe mini ɗa? Kuma don me ake so a maimaita a kan uwarsa? Direba zai kawo miki wannan, shi zai dawo da amsa.

Baffanki,
Kafinta

*

Ƙusa,

Gaisuwa. Muna nan yadda kika bar mu, wato ba mai tambaya.

Yau kwana goma sha shida. Kullum ina zaune a kan bencin bakin shago ina duban titi. Mai gyaran keke har ya fara yi mini ba'a, wai ko budurwa nake jira. Na ce masa budurwa da ta fi wannan kirki.

To ki riƙe amsarki. Na yi maganin abina. Na cire jan kafson nan, ina ba ta farar kaɗai, safe da yamma, da hannuna. Kwana biyu fitsari ya washe tas kamar ruwan famfo. Mugunyar ma ta ragu, jiya har ta taka zuwa tsakar gida ta shanya zaninta da kanta. Ku da kuka yi shekaru kuna karatu, ga wanda bai san harafi ɗaya ba ya gyara muku aiki.

Shekara hamsin ina sana'a. Ban taɓa ba mutum biyu zarto biyu na ce su yanka katako ɗaya lokaci ɗaya ba. Ciki ɗaya, magani biyu, dole su yi faɗa, jinin faɗan ne ke fita ta fitsari. Wannan ba sai an je makaranta ba.

Ranar komawa asibiti ta wuce shekaranjiya, ba mu je ba. Me za mu je yi? A zaunar da tsohuwa a benci daga safe har rana ta yi tsaka, sannan wani ya yi mana magana ta cikin ƙyalle?

Tela yana ta gyaran murya yana cewa in sake tunani. Na ce masa ya sake tunanin wandon da ya ɗinka mini, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Innarku ta ce a gaishe ki. Ni ban ce ba.

Kafinta

*

Zuwa ga Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi wa Inna sannu da jiki, Allah ya ba ta lafiya. Mu duk ƙalau, yara suna gaishe da kakansu.

Baffa, ban ƙi amsa ba. Motar Direba ce ta lalace a hanya, wasiƙarka ta farko ta yi mako biyu a aljihun motar. Jiya da rana ya miƙo mini duka biyun tare. Ina gama karanta ta biyun na ɗauki waya. Na kira wayar Tela sau huɗu, ya ce ka ce ba ka nan, alhali ina jin muryarka kana faɗa masa.

Don Allah, a yau ɗin nan, ka kai Inna wajen likitanta, ka gaya masa kwana nawa ta yi ba ta sha jan kafson ba. Kada ka mayar mata da shi da kanka, ka bari ya duba tukuna.

Jan da ka gani ba jini ba ne. Launin maganin ne yake fita ta fitsari da hawaye da gumi, kamar yadda fenti ke bin ruwan da ka wanke buroshi. Kowa ya sha shi haka yake gani. Ya kamata a ce an tsaya ta wajen kunnenka mai ji an gaya maka wannan tun ranar farko. Wannan kuskurenmu ne, mu ma'aikata, ban kare kowa ba.

Kuma ba zarto biyu ba ne, Baffa. Ka tuna gara a cikin ƙofa. Ƙwayar cutar da ke ƙafar Inna ta manne a jikin ƙarfen, ta yi wa kanta rufi. Jan shi ne mai ratsa rufin ya cim mata a ciki. Farar ita ce mai tare waɗanda suka tsere wa jan. Idan aka bar ɗaya kaɗai, masu rauni za su mutu, ciwo ya yi kamar ya warke, masu taurin su rage su hayayyafa, 'ya'yansu kuma ba sa tsoron wannan maganin har abada. Sauƙin da kake gani yanzu shi ne yake ba ni tsoro. Magungunan da suka rage wa irin ciwon Inna ba su da yawa.

Maganar Yaya Dogo kuma. Ka tsare ni da ita, zan faɗa, ka yafe mini. Ba haɗa magunguna ne ya kashe shi ba. Na ga takardar gwajin kakinsa na ƙarshe. A farko ƙwayar tana jin magani, a ƙarshe ta daina. Hakan ya fi faruwa idan ba a sha maganin duka ba. Katinsa kuwa ya nuna bai tsallake ko rana ɗaya ba. Abin da na ɗauka shi ne ya gaji da ƙwayoyin, yana zubar da wasu a ɓoye in ka juya baya. Majinyata da yawa suna yi. Ranar da ka tsare ni ina da shekara ashirin da biyu, ƙasar kabarinsa ba ta bushe a hannunka ba. Ta yaya zan buɗe baki in ce maka laifinsa ne? Shi ya sa na gudu. Ba raini ba ne.

Ka zage ni yadda kake so, amma ka kai Inna yau.

'Yarka,
Ƙusa

*

Ke Ƙusa,

Ba gaisuwa. Tela ya ce ba a yin haka, na ce yau za a fara.

Sau biyu na sa ya karanta mini wajen nan, don na ɗauka shi ne ya yi tuntuɓe. Ashe haka kika rubuta. Shekara goma sha ɗaya kina shiru, ranar da kika buɗe baki sai kika buɗe shi a kan mamaci. Dogo yana zubar da magani a ɓoye! Dogo da ya goya ki ya tsallake da ke kwata ranar da ruwa ya cika layinmu. Dogo da bai taɓa yi mini musu ba tun da aka haife shi, ko da na ce masa katakon nan fari ne alhali baƙi ne. Shi kika mayar maƙaryaci don ki wanke abokan aikinki. Kin iya aiki, an koya miki da kyau.

To bari in rufe miki baki. Su ma'aikatanku ne suka ce a samu babba a gida ya riƙa ba shi maganin da hannunsa, yana sa alama a kati. Ni ne babban. Kowace safiya kafin in buɗe shago zan zauna a bakin katifarsa da kofin ruwa, ya haɗiye a gabana, ya buɗe baki in duba, sannan in ja layi a kati da fensirin da nake auna katako. Ko rana ɗaya bai tsallake ba. Abin da na ba shi duk ya shanye.

Jan kawai na cire, bayan mako biyu, da na ga yarona yana fitsarin jini. Na ce masa an rage. Ya ce to, Baba. Kuma ya samu sauƙi, kowa a layin nan shaida ne! Ya yi ƙiba, ya koma aiki, shi ya buga rufin shagon mai gyaran keke. Sai bayan wata biyar tarin ya dawo, suka kwantar da shi, suka yi ta ɗura masa nasu haɗe-haɗen da allurai, har ya tafi. A hannuna ya warke, a hannunku ya mutu. Wannan lissafin ko Tela zai iya shi.

Ina da shaida. Jajayen nan ban zubar da ko ɗaya ba. Suna cikin tsohon gwangwanin fenti a ƙarƙashin teburin aikina, na Dogo a ƙasa, na Innarku a sama. Ban taɓa nuna wa kowa ba, ita kanta ba ta sani ba. Na ajiye ne don ranar da zan samu wanda zai auna mini gubar da ke ciki. Ga guda uku nan na ƙulle a ƙyalle, ki sa a madubin naki. In kina da gaskiya ki rubuto abin da kika gani.

Wai launi. Wai fenti. Ni za a koya wa fenti.

Ƙafar Innarku ta ɗan yi ɗumi kwana biyun nan, jikinta ma da zafi-zafi, amma garin ne ya yi zafi, kowa haka yake ji. Ba inda za mu.

Kuma ki janye maganar da kika yi a kan ɗana. A rubuce.

Kafinta

*

Baffa,

Ina gaishe ka. Wasiƙarka ta iso da ƙullin da ke ciki.

Na janye. Yaya Dogo bai zubar da komai ba, bai yi wa kowa ƙarya ba. Na zalunce shi a zuciyata shekara goma sha ɗaya, Allah ya yafe mini. Ga shi a rubuce kamar yadda ka nema.

Sauran abin da ke wasiƙarka ba zan taɓa shi yau ba.

Ɗazu Tela ya shiga ya kai wa Inna wayarsa lokacin da kake shago. Kada ka yi masa faɗa, ni na roƙe shi. Ba ɗumi ba ne, Baffa. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, mugunyar ta dawo tana wari, jikinta yana rawa ko ta lulluɓa. Ta ɓoye maka ne don kada ranka ya ɓaci. Na tambaye ta ko tana son a kai ta asibiti. Ta ce, “Ƙafata ce, ina son abata.”

Na yi magana da babbar nas ta ɗakin masu ciwon ƙashi, an ajiye gado. Gobe da safe Direba zai miƙa maka wannan takarda, motarsa tana kunne a bakin ƙofa. Shi da Tela za su ɗauko Inna. Kana iya shiga gaba ka zauna, kana iya tsayawa a shago. Amma kada ka tare ƙofa. Kai ka rene ni, ban taɓa ɗaga maka murya ba, to yau na ɗaga. In ta ƙara kwana uku a ɗakin nan, ba maganar ƙafa za mu yi ba.

Ka tafi da gwangwanin. Ka ba likita ya ga na saman, ya san adadin da ba ta sha ba.

An ba ni hutu ƙarshen mako mai zuwa, ina tafe.

Ƙusa

*

Ƙusa,

Gaisuwa. Innarku tana da rai. Daga barandar asibiti ake rubuta wannan, Tela ya ɗora takardar a gwiwarsa, in kin ga rubutun ya karkace bencinsu ne ke rawa. Wanda ya buga shi bai san aiki ba.

Ban tare ƙofa ba. Kada ki ɗauka tsoronki na ji. Innarku ce ta dube ni ta ce in miƙo mata mayafinta.

Yau kwana shida. Sun shiga da ita ɗakin tiyata sun cire ƙarfen da sukurorin, sun wanke ƙashin. Sun sake gwaji. Likitan nan dai, wanda ba ya dariya, ya zo ya same ni. Wannan karon ya sauke ƙyallen bakinsa, ya tambaye ni wane kunne ne mai ji, ya zagayo. Ina tsammanin ke kika kitsa masa. Ya ce farar ƙwayar da na yi ta ba ta ita kaɗai, yanzu ba ta yi wa cutar komai, ta saba da ita. Wata ɗaya da ya wuce tana jin ta, yanzu ta daina. Sun koma wasu biyu na ƙarin ruwa, jaka biyu a rataye, suna ɗiga ta jijiya. Ya ce masu ƙarfi ne, dole su riƙa duba ƙodarta, kuma bayansu ba wani abin kirki a ajiye. Zazzaɓin ya sauka jiya. Ƙafar kuma sai nan da kwana goma zai iya cewa ko za a bar mata ita.

Biyu ne, Ƙusa, ina zaune ina kallonsu suna shiga tare. Ban taɓa ko ɗaya ba.

Na kai gwangwanin kamar yadda kika yi umarni, ranki ya daɗe. A bakin gadonta likitan ya buɗe, ya zazzage a tire. Na saman suka zubo jajaye masu sheƙi. Na ƙasan suka biyo, sun dushe, sun manne da juna. Ya ce waɗannan fa na waye? Ni dai ban saba ƙarya ba. Na faɗa.

Innarku ce ta wanke wa Dogo kayansa wata tara. Ita ce ta riƙa cewa Allah ya saka mata a kan asibiti, ina taya ta. Ta dubi tiren, ta dube ni, ta juya fuska bango. Tun ranar ba ta ce mini komai ba. In na miƙa mata ruwa sai ta jira nas. Shekara arba'in da shida muna tare, faɗa ba irin wanda ba mu yi ba, amma shiru ba ta taɓa yi mini ba.

Kada ki ɗauka na zo neman tausayi. Har yanzu ina da magana da ku. Kun ba mutum kati da aiki, kun ce ya ja layi, ba wanda ya ce masa fitsarin ɗansa zai yi ja. Kalma nawa ce? Tela ya ƙirga, ba ta kai goma ba. Wace doka ce ta hana ku faɗinta? Uba ya ga abin da na gani a cikin bokiti, me kuke so ya yi, ya tafa? Kuma ke, da kin tsaya ranar nan a bakin shago kin faɗi ko da zargin banzan da kike yi wa Dogo, da na ɗauko gwangwanin a take don in ƙaryata ki, da yau Innarku tana tsakar gida da ƙafarta. Shirunki ma yana cikin tiren nan. Ki sani.

Amma ni ba jaki ba ne. Abin da likitan ya faɗa a kan ƙafar nan, a farko tana ji, a ƙarshe ta daina, na taɓa jin sa. A wasiƙarki na ji, a kan kakin Dogo. Na sa Tela ya sake karanta mini wajen, sau uku. Ko kalma ɗaya ba ta canza ba.

Na tambayi likitan. Ya ce shi ba ya nan a lokacin, bai ga takardun ba, ba zai iya cewa ba. Na tambayi babbar nas, ta ce sannu Baba, komai nufin Allah ne. Na san nufin Allah ne, ba shi na tambaya ba. Na tambayi Tela, ga shi nan yana goge tabarau tun ɗazu. Wadda ta fi kowa haƙƙin ta faɗa mini ta juya bango.

Saura ke. Ke kika ga takardar. Kin rubuta cewa sauran ba za ki taɓa shi yau ba. To yau ta wuce.

Kada ki bari sai kin zo. In kika zo za ki durƙusa ki gaishe ni, ki sunkuyar da kai, ki ce bari ki duba Inna, na san halinki. Kada kuma ki kawo mini gara da fenti. Direba zai tsaya a ƙofar ɗakin gwajinku, na ce kada ya motsa sai da takarda a hannunsa, ko layi ɗaya ne.

Yarona Dogo ya ce mini to, Baba, ya buɗe baki na duba.

Da na bar masa jan, da yana nan? Ni ne, Ƙusa? Wani ya amsa mini.

Kafinta